Saƙar Zuma a Kuncin Baba Talle

Tun da aka kafa dokar duba kunci, ba ɗan dakon da ke shiga kasuwar hatsi sai an kankari cikin bakinsa an ɗora a na'ura. In ƙwayoyin fatar suka fito barkatai, wata doguwa wata karkatacciya, to jiki da sauran motsi, sai a buɗe ƙofa. In kuwa suka jeru iri ɗaya, sai gida.

Baba Talle ya shiga layi da sassafe yana ta gurzar kuncinsa da asuwaki, yadda tsofaffin 'yan dako ke yi wai don su tashi ƙwayoyin daga barci. Bakin ya yi tsami, ko koko bai iya kurɓa ba, ga jikoki ya baro ba a ɗora tukunya ba.

Mai dubawar Uwani ce, 'yar maƙwabcinsa.

"Baba, yau ma ka gurza? Har da jini fa."

"Duba kawai, 'yar nan, rana na yi."

Ta juyo masa allon na'urar. Ƙwayoyin sun kwanta reras, kowace ta jingina da 'yar'uwarta, kamar saƙar zuma. Bai taɓa ganin abu mai kyau haka a jikinsa ba.

"Sun daina turereniya, Baba," ta ce a hankali. "Kowace ta samu wurinta ta zauna."

Ya daɗe yana kallo, na bayansa suna ta tsaki. Sannan ya sauke gammonsa ya soke a hammata.

"Su kam sun huta," ya ce. "Da sun yi shawara da ni tukuna."