Direban da Ya Rufe Bakin Bel da Sabulu

Kai da ka ce ka gaji da ƙorafin mutanen gidanka, gyara zama ka ji misalin wani direba.

Direban nan ya yi furfura a kan tsohuwar gingimari, irin wadda in ka buɗe bonet za ka tarar da bel uku gajeru, kowanne da aikinsa: wannan yana juya fanka da famfon ruwa, wancan yana cajin batir, na ukun yana sassauta sitiyari. In ɗaya ya saki ya fara tsuwwa, sai ya goga masa sabulu ya yi shiru, ran da ya samu sukuni ya sa sifana ya ɗaure. Ko tsinkewa ɗaya ya yi a hanya, sau da yawa sauran biyun kan lallaɓa su kai shi gari. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayar da tsohuwar, ya haɗa da duk abin da ya tara, ya sayi 'yar yayi. Ita kuwa bel ɗaya tal gare ta, dogo mai faɗi, ya bi ta nan ya kewaya ta can kamar maciji cikin tarin itace. Shi kaɗai ke ɗauke da ruwan injin, da wuta, da sitiyari, har da abin da ke taimaka wa birki. Ba shi da notin ɗaurewa, wani ɗan gargare ne mai sifirin ke danne da shi kullum. Da sifirin ɗin nan ya gaji, bel ya saki, sai motar ta fara kuka duk lokacin da aka tashe ta.

Kukan bai ba shi tsoro ba, kunya ya ba shi. Da ya shigo tasha sai direbobi su dube shi suna dariya, wani ya ce, "Alhaji, yau ma akuya ka ɗauko a bonet?" Mutum ya zuba dukiyarsa kaf a mota, a ce ita ce abin tsokana! Ya duba bai ga inda zai sa sifana ba, sai ya koma wa abin da hannunsa ya saba. Ya ajiye guntun sabulu a gaban mota, kullum safe ya goga. Ba wai bai ga alamu ba. Ya ga baƙin gari kamar kwalli yana taruwa a jikin injin, ya ji ƙaurin roba, ya ga zare ya fara fita a gefen bel ɗin. Amma ya ce a ransa bel ai bel ne, ya yi gemu yana fama da irinsu, in ya sauke lodin nan ya kai ta gareji. Lodi kuwa ba ya ƙarewa.

Ran nan da rana tsaka ya ɗauko dankali daga kan tsauni, buhu kan buhu, noman shekarar wata dattijuwa gaba ɗaya, ita kuma tana zaune kusa da shi da carbinta. Suna isa bakin gangara bel ya kwarma ihun da bai taɓa yi ba. Ya tsaya, ya buɗe bonet, ya goga sabulu har sau biyu. Dattijuwar ta ce, "Malam direba, lafiya dai ko?" Ya ce, "Lafiya lau, Inna, halinta ne." Suka kama gangara, dutse a hagunsa, rami mai zurfi a gefen dattijuwar. Ba su yi nisa ba ya ji fat! Bel ya tsinke. Jar wuta ta kama a gabansa. Ya murɗa sitiyari, ya ji kamar an dasa shi cikin siminti. Ya taka birki, ya ji kamar ya taka dutse. Ga nauyin dankali yana turo su daga baya, ga kwana tana tahowa, bayanta ba komai sai sarari da kan itatuwa can ƙasa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya miƙe tsaye a kan birki, ya rungumi sitiyari da hannu biyu yana ja har jijiyoyin wuyansa suka fito, motar ta karkata kaɗan, amma ya san ba za ta sha kwanar nan ba. Dattijuwa tana ta salati. Nan ya tattara sauran ƙarfinsa ya jefa gefensa a jikin dutsen. Ƙarfe ya yi ta gurzar dutse yana tartsatsi, gilashi ya tarwatse, buhuna suka fashe, dankali ya yi ta gangarawa cikin rami. Daƙyar motar ta tsaya, tayarta ta gaba saura ƙiris ta leƙa ramin.

Dattijuwar ta fita da ranta, ta zauna a bakin hanya ta ɗora hannu a ka tana kallon inda noman shekararta ya tafi. Shi kuwa ƙofa ta danne masa ƙafar hagu, ƙafar da ba za ta sake taka kuloci ba. Yana nan maƙale yana jiran masu ceto, sai ya ga guntun sabulun ya faɗo kan cinyarsa. Ya kasa kunne. Babu tsuwwa, babu ƙara, motar ta yi tsit kamar yadda ya daɗe yana so.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.