Sanyin Lambun Kande

Tun da hukuma ta fara raba wa gidaje yanayi, kowane gida a Gusau iri ɗaya yake zaɓa a shekara. Malam Tanimu ya yi shirin zuwa ya sake karɓo sanyin Mambila, don tsiron baleriyan da yake shukawa ba ya jure zafi, kuma saiwarsa ce ke sa matarsa Kande barci.

Ya tarar da ita a lambu cikin bargo, tana shafa bishiyar lallenta da sanyi ya busar. Yayyafinsu a kan katanga yake tsayawa cak, ko tsuntsu ba ya tsallakowa.

"Malam, bana ka karɓo mana rana," in ji ta.

"Barcin naki fa?"

Ta yi murmushi. "Dama ba saiwar ke sa ni barci ba. Hirar da kake yi mini kana dafa ta, ita ce."