Abin Da Ya Maƙale Bayan Fitilar Hagu

Da mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, ya jona kwamfuta a jikin wata baƙar mota da aka kawo garejinsa, sai ya ga ƙwaƙwalwar injin tana kira, ta giya tana amsawa, amma ta birki ta yi gum. Ya bi tagwayen wayoyin da ke kai saƙo tsakaninsu har bayan fitilar hagu, inda ƙarfe ya lotsa ya datse su. A cikin lotsawar ya zaro guntun shuɗin yadi mai ɗinkin jan zare.

Ya san ɗinkin. Matarsa ce ta yi wa ƙaninsa shi a aljihun riga, kuma da rigar aka tsinci yaron a bakin titi bara, bayan wata mota ta take shi ta gudu.

Zuciyarsa ta ce ya ɗaure wayar sama-sama, ya kashe fitilar gargaɗi, ya bar santsin damina ya yi masa aiki. Amma mutuwar da mutum bai san dalilinta ba ai rangwame ce. Ya aika wa 'yan sanda saƙo, sannan ya ɗago kai ya dubi mai motar.

"Ranka ya daɗe, an taɓa buge motar nan?"

"Akuya ce ta gitta mini," in ji mai motar, yana hamma.

Mai wayarin ya ja ƙofar garejin, ya datse kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu.

"Samu wuri ka zauna," ya ce. "Akuyar nan nono ɗaya muka sha."