Garkuwar da Lantana Ta Sa wa Wayarta

Akwai wata mai kitso, Lantana ake ce mata. Hannunta na da kyau, ko amare ita suke nema. In ta gama kitso sai ta ɗauki hoton kan a waya, don in wata ta zo ba ta san wanda take so ba ta nuna mata ta zaɓa. Matan sun yarda, don sun san wayar nan daga cinyarta sai ƙarƙashin filonta. Kawunan matan aure ne fa a ciki, ba ɗankwali ba mayafi, wasu ma da ɗaurin ƙirji, sun fi ɗari biyu. To sai wayar ta tsiro da wani hali. Tana cikin nuna wa mutum shuku ko kalaba, sai talla ta faɗo ta rufe fuskar wayar, irin tallar banzan nan, mata ba kayan kirki a jikinsu. Rannan ta faɗo a gaban wata dattijuwa da ta kawo jikarta. Tsohuwar ta kalli wayar, ta kalli Lantana, ta gyara mayafinta. Kallon nan shi ya hana Lantana cin abinci yinin ranar, don ta taɓa jin ana cewa wai abin da mutum yake kallo a ɓoye shi waya take kawo masa a fili. Allah ya sani ba ta taɓa nema ba, amma wa zai yarda? In ta kai wa mai gyara, namiji ne, zai buɗe ya ga kawunan matan mutane. In ta gaya wa mijinta, sai ya ce me take kallo. Ga maƙwabciyarta Malama Hassu, mai koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, katanga ɗaya ce tsakaninsu, amma ita ma kunyar idonta take ji. Sai ta ja bakinta ta yi gum. Kullum waya na hannunta, ba ta yarda kowa ya taɓa.

Ana nan sai wata talla ta faɗo, ita daban ce. Hoton garkuwa ne kore shar, har da Hausa a jiki, wai danna nan ka rabu da talla har abada. Lantana ta leƙa tsakar gida, ba kowa sai kaji. Ta danna. Abu ya sauka, ya hau yi mata tambayoyi da Turanci, ita kuwa karatunta bai kai can ba. Ta dai lura in ta danna na hagu tambayar dawowa take, in ta danna na dama sai ta wuce. Ta yi ta danna dama har ya daina tambaya. Ba ta san ƙofofi take buɗe masa ba, ta hotuna, ta lambobin mutane, ta saƙonni. Talla kuwa ta ɗauke ɗif kamar an yi ruwa an ɗauke. Har hamdala ta yi. Bayan kwana uku manhajar da take hira da masu kitsonta ta koro ta waje, ta ƙi buɗuwa. Ta ce ƙila sabis ne, ta sake yin shiru.

Ran Alhamis da hantsi Maman Nazifi ta zo kitso. Ta zauna tsakanin ƙafafun Lantana ana yi mata tsifa, tana ta zuba hira, can sai ta ce, "Af, kin ga hotunan da na turo miki kuwa? Kin ce na wurinki bai fito ba, in ƙaro daga kai har ƙirji. Ni wallahi da wata ce ba zan tura ba, don dai ke ce." Tsinken tsifa ya suɓuce daga hannun Lantana. Da ƙyar ta iya tambayar yaushe. Matar ta ce shekaranjiya, ai har ƙanwarta ma an tambaya, ita ma ta tura. Nan Lantana ta gane. Wani ne can da ba ta san fuskarsa ba, ba ta san garinsu ba, yake yawo da sunanta da hotonta yana shiga ɗakunan matan aure, su kuma suna buɗe masa don sun ɗauka ita ce.

Ko takalmi ba ta sa daidai ba ta faɗa gidan Malama Hassu. Malama ta duba wayar. Ta ce garkuwar nan ita ce ɓarawon. Za ta goge shi, za su yi ƙoƙarin ƙwato lambarta ta manhajar hira da ya sace, amma hoton da ya riga ya fita ya fita, ba mai kamo shi. Sannan ta ce a hankali, "Tallar nan aikin minti biyar ce, Lantana. Da ta katanga kika miƙo mini." Ta ce kuma kada ta bari rana ta faɗi, ta bi matan gida gida ta gaya musu duk saƙon da ya zo da sunanta ba ita ba ce, kafin wata ta sake turawa.

Haka ta ja hijabi ta fita cikin ranar nan. Maganar da ta kasa gaya wa mutum ɗaya, yau sai ta faɗe ta a gida arba'in, a gaban surukai, wani gidan ma a gaban maigida. Gidan farko a layin kuwa na dattijuwar nan ne mai jika. Ta tsaya a zaure, ta gyara hijabinta, ta yi sallama.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin gudun gara aka faɗa gidan zago.