Shinkafar Matuƙin Hayabusa

"Amarya, fito! An raɗa wa jirgin saman yaƙin mijinki suna!" Maƙwabciyata ce ke kaɗa jarida. "Hayabusa, wato shaho! Shaho guda!"

Na rugo ba takalmi. Tun tafiyarsa ba mu ji ɗuriyarsa ba, jirgin ma lambarsa kawai muka sani. Surukata har da rawa: "Ɗan nan da zakara ke kora, yau shi ne kan shaho?"

Aka gama yaƙi, bai dawo ba.

A nan Japan muna zuba wa matafiyi shinkafa a kwano mu rufe. In murfin ya yi gumi, yana raye. Har yau kowace safiya ina zuba masa, da zafinta ƙwarai, don kada murfin ya bushe.