Hoton da Kawu Ya Gyara wa Kaka

Kawu ya yaye ƙyallen da aka rufe hoton da shi, ɗakin taron otal ɗin Maitama ya ɗauki tafi. Ni kuwa ban tafa ba.

Shekara guda ke nan da rasuwar kakata, wadda ta ƙare rayuwarta tana ginin tukwane a Ushafa, da su ta kai 'ya'yanta makaranta. A hoton an haskaka mata fata, an goge zanen kumatunta, an maƙala mata sarƙar gwal. Hannayenta masu kaushi kuwa an yanke su.

"Mama hamshaƙiyar 'yar kasuwa ce," in ji Kawu, yana satar kallon ogansa.

Wata tsohuwa da suka yi shekaru suna haƙar yumɓu tare da Kaka ta dogara sandarta har gaban hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo gare ni.

"Yi haƙuri, 'yata, na yi ɓatan kai. Ina ake taron ƙawata mai tukwane?"

Na kama hannunta. "Ba a nan ba ne, Iya. Zo mu tafi."