Leshi a Bahon Wanka

Mijinta ya same ta durƙushe gaban bahon wanka, ta tsoma leshinta mai duwatsu a ruwa. Gobe za su bar Riyad zuwa Jidda, su hau jirgin ruwan shaƙatawa.

"Hajiya, lafiya? Ba shi za ki sa a walimar bayan cin abincin dare ba?"

Ta ɗago shi da hannu biyu, ya sha ruwa ya yi nauyi kamar mutum. Ta sake shi, ta jawo wata abaya marar nauyi ta tsoma.

"Irinsa ne ankon da Yaya ta sa ranar da kwalekwalen 'yan biki ya kife," in ji ta. "Kuma duk gidanmu ta fi kowa iya ruwa."